Waya Tana Ƙirga Taku, Amma Ba Ta Ganin Fartanyar Manomin Birnin Gwari

Kusan kowace babbar waya, daga Tecno da Infinix har iPhone, tana ɗauke da wata 'yar na'ura mai jin motsi. Ita ce ke juya allo idan an karkata waya, kuma da ita manhajoji irin su Google Fit da Samsung Health ke ƙirga taku. Masu bincike sun daɗe da hango amfaninta: maimakon bi gida-gida da takarda, a tattara lissafin wayoyi a gane yadda al'umma ke motsa jiki.

A 2017 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada hakan da bayanan mutum sama da 700,000 daga ƙasashe 111. Matsakaicin da suka samu ya kusa taku 5,000 a rana. Hong Kong ce kan gaba da 6,880, Indunusiya a ƙarshe da 3,513. Sai dai duk waɗanda aka ƙirga masu babbar waya ne da suka sauke manhaja guda mai suna Argus.

A ɗauki wannan ma'auni a kai shi Tsohon Birnin Gwari, a yammacin jihar Kaduna. Manomin masara zai wuni yana huɗa, gumi na zuba, alhali wayarsa tana aljihun rigar da ya rataye a bishiya. A lissafin manhaja, wannan bawan Allah zaman kashe wando ya yi. Matar da ta yi surfe da daka, ta ɗebo ruwa, wayarta na shagon caji tun safe. Shi kuwa ɗan acaba, da ya wuni zaune a kan babur, ramukan hanya na iya tara masa takun da bai yi ba. Mai ƙaramar waya mai tocila ma ba ya cikin lissafin sam.

Ga kuma matsalar tsaro. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi dajin Kamuku sun raba mutane da dama da gonakinsu, wanda ya saba wuni a gona ya koma zaman gari. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu yankuna, har da Birnin Gwari, ta kuma hana hawan babura. Irin lokacin da motsin jama'a ke sauyawa ke nan, kuma shi ne lokacin da waya ba ta iya aika komai. Ƙirga taku ba ya buƙatar data, amma tura lissafin yana buƙata.

Shi ya sa tsohuwar hanya ba ta mutu ba. A 2011 Adewale Oyeyemi da abokan aikinsa a Jami'ar Maiduguri suka fitar da sigar Hausa ta IPAQ, takardar tambayoyin da ake auna motsa jiki da ita a ƙasashe da yawa. Tana tambayar kwana nawa mutum ya yi aiki mai tsanani a mako, da tsawon zamansa. Ita ma da nata rauni: mutum kan ƙara gishiri, kuma wanda ke auna wuni da azahar da la'asar ba lallai ya tuna mintoci ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako, ta kuma ce kashi 31 cikin ɗari na manyan duniya ba su kai haka ba a 2022. Da irin waɗannan alkaluma ake tsara yaƙi da hawan jini da ciwon suga. Idan lissafin ya ɗauki manomi a matsayin mai zama, ɗan acaba kuma mai tafiya, shawarar lafiya za ta sauka a gidan da ba nata ba.

Agogon hannu mai ƙirga taku ya fi waya kama aikin fartanya, tunda yana ɗaure a hannun da ke aikin. Amma shi ma yana iya rubuta dakan gero a matsayin doguwar tafiya.