Baurera: A Shuka Ta Nesa Da Kunyar Dankali

'Yan'uwa, yawancinmu mun san baurera, wadda wasu ke kira gatarin kurege ko gudumar zomo. Da damina take fitowa a bakin gona, tana hawa shinge da ƙugiyar da ke bakin kowane ganyenta. Furenta ja da rawaya ne, kamar harshen wuta. Saboda kyanta, Zimbabwe ta ɗauke ta a matsayin furen ƙasa. Ba mu hana kowa shuka ta a gida ba, amma a san abin da ake shukawa.

Dasa ta ba wuya. Da farkon damina a kwantar da saiwarta a ƙasa mai tsane ruwa, zurfin kamar yatsa ɗaya, a kafa mata sanda ko a bar ta kusa da shinge. A bi saiwar a hankali, domin tana karyewa, kuma daga idon da ke bakinta kaɗai take tsira. Da rani ganyen ya bushe, saiwar ta yi ta jira a ƙasa.

To, nan ne hatsarin yake. In ganyen ya bushe, ba abin da zai nuna wa mai tono cewa ba dankali ko rizga ya samu ba. Duk jikin baurera na da dafin da ake kira kolcisin, ya fi yawa a saiwa da iri, kuma dafawa ba ta kashe shi. A Sri Lanka da kudancin Indiya mutane sun mutu bayan sun ci ta a zaton doya ce. Don haka kada ta kusanci kunyar dankali, ko inda yara ke wasa, ko turken awaki. Tsohon bokiti ya fi mata, domin ya tsare saiwar wuri ɗaya. A wanke hannu bayan an taɓa ta.

Wanda ya ci, cikin awa 2 zuwa 6 zai ji baki da maƙogwaro na zafi, sai amai da zawo mai tsanani. Ko aman ya lafa, dafin na iya ci gaba da lalata ƙoda da jini a kwanakin da ke biye. Kada a tsaya ba shi madara ko manja. A kai shi asibiti a ranar, tare da sauran abin da ya ci.

Iyayenmu mata kuma, muna roƙo: kada a jiƙa wa mai naƙuda ita.