Gidan Gaba Ba Na Yara Ba Ne

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Kaura Namoda ranar Sallah zai ga abin: maigida na tuƙi, uwargida na gefensa da jariri a cinya, ko kuma ɗan shekara huɗu a tsaye ya dafa dasbod yana leƙen hanya. Wani uban ma kan ƙafarsa yake ɗora yaron, ya bar masa sitiyari yana murzawa. Ba wanda ke yin haka don mugunta, ƙauna ce. Amma a cikin mota duka, nan ne wurin da ya fi haɗari ga yaro.

Dalili na farko nauyi ne. Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa ta daki wani abu, ita ce ke tsayawa, jikin da ke cikinta bai tsaya ba. A wannan ƙiftawar ido, yaro mai kilo 10 yana iya fizgar hannun mai riƙe da shi da ƙarfin da ya kai kilo 300, wato kamar buhu uku na masara. Babu uwar da za ta iya riƙe wannan, komai sonta da ɗanta. Yaron zai kufce ya daki gilashi. In kuma ita ba ta ɗaura bel ba, jikinta ne zai matse shi da dasbod. Kuma wa ke gudun 50 a hanyar Shinkafi ko ta Zurmi? Tsoron 'yan bindiga ya sa direbobi ba sa son sassautawa, ga ramuka, ga dabbobi masu tsallakowa ba sallama. Ba sai an yi karo ba ma, taka birki da ƙarfi kaɗai ya isa ya wurga yaron da ke tsaye.

Sai jakar iska, wadda yawancin motocin Beljiyom da muke hawa suna da ita a sitiyari da gaban fasinja. Mutane na ɗauka matashi ce mai laushi. Fashewa take yi, cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, da gudun da kan kai kilomita 300 a awa. An auna ta ne da ƙirjin babban mutum da ke zaune daidai, ɗaure da bel. Yaro gajere ne, don haka a fuska da wuya take samunsa, ga ƙashin wuyansa bai yi ƙwari ba. A Amurka, cikin shekarun 1990, jakar iska ta kashe yara a ƙananan haɗurran da manya suka fita lafiya, shi ya sa aka dage cewa yara su koma baya.

Shi kansa bel ɗin na manya ne. A jikin ƙaramin yaro, maimakon ya bi kafaɗa da ƙugu, sai ya bi wuya da ciki. Kada a saƙala masa shi ta ƙarƙashin hammata, kada kuma uwa ta haɗa kanta da yaron cikin bel ɗaya.

Dokar Najeriya ba ta bar maganar haka ba. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a 2003, kuma ta hana zaunar da yaron da bai kai shekara 12 ba a gaba. Akwai tara a kai. Ni dai ba tarar ce ta dame ni ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

To me za a yi? Mai hali ya sayi kujerar yara, ya ɗaure ta a gidan baya, ta jariri tana kallon baya. Irin wannan kujera ba a taɓa sa ta gaban jakar iska. Gaskiya ba kowa ne zai iya saye ba, kuma babu mai samunta a motar haya. Amma komawa baya ba ta cin ko sisi. Mai goyo da ta zo tasha za ta Gusau ta nemi gidan baya, ko da ɗan kamasho ya ce, "Hajiya, ga gaba nan, ya fi sakewa." A motar gida kuwa, a duba gefen ƙofar baya, akwai ɗan maɓalli da idan aka tura shi ƙofar ba ta buɗuwa daga ciki.