Kafin ka sayi sabar gida, tambayi wutar da take ci

Duk mai shagon tura finafinai da karatuttuka a cikin garin Gaya yana da abin da masana ke kira sabar, ko da bai taɓa jin sunan ba: kwamfuta guda ɗaya da ke zaune wuri ɗaya, cike da kaya, wayoyin jama'a na zuwa suna ɗiba. Bambancin kawai shi ne sabar ta gaskiya ba ta jiran a soka mata waya. Tana kunne dare da rana, an haɗa ta da ƙaramar rauta, duk wanda ke cikin gidan ko makarantar zai shiga ta wayarsa ya ɗauki abin da yake so ba tare da ya ƙona data ko ta sisi ba. Islamiyya za ta iya zuba littattafai da tafsirin azumi a ciki, mai kyamis ya ajiye lissafin magungunansa, magidanci ya tara hotunan biki da takardun gona da na makarantar yara. Akwai manhajoji na kyauta da aka yi don wannan aiki: Kiwix na ɗauke da Wikipedia har da ta Hausa, Kolibri kuma darussan makaranta, dukkansu ba sa buƙatar intanet bayan an sauke su.

Matsalar ita ce yawancin shawarwarin da ake bayarwa kan wace na'ura za a saya, mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta su, inda wuta ba ta ɗaukewa kuma ɗaki a sanyaye yake. Su saurin na'ura suke fara dubawa. Mutumin Ajingi kuwa, da wutar KEDCO ba ta zama abin dogaro ba, kuma sola da batir ne madogararsa, wat nawa na'urar ke ci shi ne tambayarsa ta farko.

Ga lissafin. Tsohuwar kwamfutar tebur mai babban akwati tana iya cin wat 60 zuwa 100. Idan ta ci 100, a awa 24 ta sha wat-awa 2,400. Ƙaramar na'ura mai cin wat 10 kuwa 240 za ta sha a yini da kwana. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, irin wanda aka saba gani a gidajen da ke da sola, wat-awa 1,200 yake ɗauka, kuma idan mai ruwa ne ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Ke nan 600 gare ka. Babbar kwamfutar za ta cinye su cikin awa shida, ƙaramar kuwa sai ta yi kwana biyu da rabi. Wanda ya karɓi tsohuwar kwamfutar tebur kyauta yana murna, kamar wanda aka ba kyautar doki ne ba shi da ko damin harawa.

Saboda haka zaɓi uku ne suka cancanci a tsaya a kansu.

Na farko tsohuwar laftof, kuma a ganina ita ce ta fi dacewa da mafi yawan mutane. Wutarta kaɗan ce, tana da allonta da madanninta, sannan batirinta na riƙe ta idan wuta ta ɗauke farat ɗaya. Ko allon ya tsage ba komai, tunda ba kallonsa za a riƙa yi ba, hasali ma tsagewar ce za ta karya farashin. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba za su ɗauki Windows 11 ba. To amma Linux, irin su Debian ko Ubuntu, kyauta ne kuma suna tafiya lafiya lau a kansu. Abin lura ɗaya: batirin laftof da ke jone kullum cikin zafi yana iya kumbura. Ka riƙa duba ƙasanta da wurin da ake goga yatsa. Da zarar ka ga ya tasa, a cire batirin nan take.

Na biyu ƙananan kwamfutocin ofis na hannu, waɗanda girmansu bai wuce littafi mai kauri ba: Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini, Lenovo ThinkCentre Tiny. An ƙera su ne don su wuni a kunne a kan teburin ma'aikaci ba tare da sun dame shi da ƙara ba, kuma idan ba sa aiki mai nauyi wajen wat 10 zuwa 15 suke ci. Akwai kuma sababbi masu injin Intel N100 da ya fito a 2023, wasunsu ko fanka ba su da ita. Da yawa daga cikin waɗannan sababbin bolt 12 suke amfani da shi, wanda ke nufin mai gyaran sola da ya san aikinsa zai iya jona su da batir ta na'urar daidaita wuta, ba sai an bi ta inbata ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin inbata ita kanta tana shan wuta ko ba a jona mata komai ba, wani lokaci fiye da abin da sabar ke sha.

Na uku Raspberry Pi, ƙaramin allon da aka fara sayarwa a Ingila a 2012. Samfurinsa na huɗu ya fito a 2019, na biyar a 2023, kuma wutarsu ba ta kai ta kowa ba. Sai dai kafin ka haɗa akwati da caja da wurin ajiya, kuɗin ya kamo na ƙaramar kwamfutar ofis ta hannu, ga shi ba kowane mai gyara ne ya san shi ba. Na ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil ne mai son koyo, ba na shugaban makarantar da ke son abin ya yi aiki kawai ba.

Manyan sabar na kamfanoni da akan gani da araha a wajen masu kayan hannu, a bar su inda suke. Fankokinsu ƙara gare su ta hana barci, kuma ɗaki mai na'urar sanyaya wuri aka yi su dominsa.

Sai batun wurin ajiyar bayanai. Faifai mai juyawa yana zagayawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, yana da ƙara, yana zafi, kuma ɗaukewar wuta yana tsakiyar rubutu na iya lalata abin da ke ciki. SSD ba abin da ke motsi a cikinsa, shiru yake. A sa manhaja da muhimman takardu a SSD, finafinai da dogayen karatuttuka in sun yi yawa a zuba su a faifai mai juyawa, tunda ya fi araha. Kada a dogara da memorin waya, saurin gajiya yake yi idan ana yawan rubutu a kansa. RAM kuwa, wato ƙwaƙwalwar aikin na'urar, gigabayit 8 ya wadatar da gida ko makaranta.

Inda za a ajiye na'urar ma zaɓi ne. A watannin Maris zuwa Mayu zafin yankin nan kan haura digiri 40 a inuwa, balle a ɗakin kwano da ba silin. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin kwano nesa ba kusa ba. A ɗora ta kan kanta, nesa da daɓe, kada a lulluɓe ta da zane wai don ƙura, domin numfashinta aka toshe. Idan hunturu ya wuce a buɗe ta a hure ƙurar da ta taru a fanka. Da damina kuma, in hadari ya haɗo da tsawa, a zare ta daga wutar gari.

Idan ka kama hanyar Wudil zuwa Kano don sayayya, ko titin Beirut ka nufa ko wata kasuwar, ka sa a kunna maka ita a gabanka ta yi ko rabin awa ne. Kara kunnenka ka ji fankar, taɓa jikinta ka ji zafinta, ka tabbata cajarta ta asali ce. Kuma ka rage kuɗin faifai na biyu da za ka riƙa kwafe komai a ciki kana ajiye shi a wani ɗakin daban, ko da hakan zai sa ka sayi na'urar da ba ta kai wadda ka so ba.