Sabuwar Kwamfuta Da Tsohuwar Ɓaraka

Tun shekarar 2015 da kwamfuta ake ɗaukar jarrabawar JAMB. Saboda haka wanda ya gama koyon aikin malanta aka tura shi wata makaranta a Abaji, kada ya yi mamaki in an miƙa masa mabuɗin ɗakin kwamfuta, aka ce shi ne mai kula.

To, a ce kwamfuta 40 ne a ɗakin, ana so a zuba wa kowace babbar manhaja, watau Windows ko Ubuntu. Ba sai mutum ya zauna gaban kowace yana amsa tambayoyinta ɗai ɗai ba. Akan rubuta amsoshin duka cikin fayil guda, kamar su harshe, da lokacin Nijeriya, da sunan mai amfani, a sa cikin filashi tare da manhajar. Sa'an nan kwamfuta ta yi sauran aikin da kanta.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Manhajar da ke cikin filashin nan tana da ranar da aka yi ta. Kowace ɓaraka aka gano bayan ranar nan, tana nan a buɗe, ko da yau aka zuba. Masu manhaja kan fito da faci, kamar na tayar keke. Na kamfanin Microsoft ran Talata ta biyu ga kowane wata yake fitowa. Cikin watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har da na asibitocin Ingila. Alhali kuwa facin ya fito tun watan Maris, mutane ne ba su liƙa ba.

Don haka ake haɗa facin da zubin, kada a ce sai an gama. A Ubuntu layi ɗaya cikin fayil ɗin amsoshi ya isa, kwamfuta ta ɗebo facin daga intanet kafin ta kammala. A Windows kuwa akwai DISM, wanda da shi ake cusa facin cikin manhajar tun tana filashi.

A ganina inda data ke da tsada, wuta kuma ba tabbas, hanya ta biyu ta fi. Sau ɗaya za a sauko da faci maimakon sau 40, aikin kuma ya ƙare kafin man janareta ya ƙare. Sai dai filashin shi ma tsufa yake yi. Ku rubuta kwanan wata a jikinsa, ku sake shi farkon kowane zango.