Tsirkiyar Jita: Ta Ƙarfe Ko Ta Nailan?

Malaman makarantun ƙasar Gezawa da ke son koya wa yara waƙa da jita sukan tambaye mu wace tsirkiya ta fi, ta ƙarfe ko ta nailan. Amsarmu ita ce, ƙirar jitar ce ke yanke wannan hukunci. Mai goge ya san izgar doki ce ta dace da gogensa, haka kuma kowace jita da irin tsirkiyar da aka ƙera ta dominta.

A da, da hanjin tumaki ake yin tsirkiyar jita irin ta Sifen. Aka ƙirƙiro nailan a Amurka a 1935. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa hanjin ya yi wuya, sai Albert Augustine da makaɗin nan Andres Segovia suka haɗa kai, suka fito da tsirkiyar nailan wajen 1947.

Bambancin kuwa yana wajen ƙarfin ja. Tsirkiyoyi 6 na ƙarfe, in an ɗaure su daidai, suna jan jita da nauyin kusan kilo 70, na nailan kuwa wajen kilo 40. Saboda haka ake sa sandan ƙarfe cikin wuyan jitar ƙarfe, a kuma ƙarfafa cikinta. Wanda ya ɗaura wa jitar nailan ƙarfe, ba da jimawa ba zai ga wuyan ya lanƙwashe, jakin da ke riƙe da tsirkiya ya ɓamɓare, kuɗin makaranta ya salwanta.

To, malam, duba jakin. In ƙulla tsirkiya ake yi a jikinsa, wuyan kuma mai faɗi ne, jitar ta nailan ce. In kuwa da 'yan turaku ake danne ta, ta ƙarfe ce.

Wanda bai riga ya saya ba, ga shawararmu. Ƙarfe ya fi amo, ana jinsa a filin makaranta, amma yana cin yatsun ɗan koyo, yana kuma tsatsa da damina. Nailan yana da taushi, muryarsa ta isa aji guda, sai dai sabo yakan yi 'yan kwanaki yana saki kafin ya zauna. Domin yara, nailan muka zaɓa, gama yaron da yatsunsa suka yi ciwo ran farko da wuya ya komo.

Kowace aka saya, a ajiye ta cikin jakarta nesa da rana, musamman da hunturu, lokacin da katako ke tsagewa. Allah ya sa mu dace.