Haɗin Kan Afirka: Gaggawar Nkrumah da Sannu-sannun Tafawa Ɓalewa

A watan Mayun 1963 shugabannin ƙasashen Afirka masu 'yanci sun hallara a Addis Ababa, kowa na kiran haɗin kai, amma ba abu ɗaya suke nufi ba. Kwame Nkrumah na Gana gwamnati ɗaya yake so, da rundunar soja ɗaya da kuɗi ɗaya, kuma nan take. Hujjarsa mai ƙarfi ce: ƙasashen da Turawa suka yayyanka sun yi ƙanana, kuma abin da ya faru a Kwango, inda aka kashe Patrice Lumumba a Janairun 1961, ya nuna yadda ake cin su ɗaya bayan ɗaya. Abubakar Tafawa Ɓalewa na Najeriya da sauran 'yan ɓangaren da ake kira Monrobiya, har da Nijar ta Diori Hamani, suka ce a bi a hankali, a fara da ciniki da hanyoyi da sadarwa, kowa ya riƙe tutarsa. Su suka yi rinjaye, aka kafa ƙungiyar OAU da ƙasashe 32.

An saba yanke hukunci cewa Nkrumah ne mai hangen nesa, sauran kuwa 'yan amshin shatan Turawa ne. Wannan hukunci bai yi adalci ba. Masu cewa a bi sannu sun ga abin da ya ba su tsoro da idonsu. Tarayyar Mali, wadda ta haɗa Senegal da Sudan ta Faransa, ta wargaje a Agustan 1960, wata biyu kacal bayan samun 'yanci. Haɗakar Gana da Gini da Mali kuwa ba ta wuce takarda ba. In ƙasa biyu ko uku sun kasa zama inuwa ɗaya, yaya talatin? Sannan ga batun amana. 'Yan jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary sun samu mafaka da horo a Gana kafin su kutsa Nijar da makamai a 1964, kuma a Afrilun 1965 aka jefa wa Diori gurneti a filin Idi a Yamai. Ko ya mutum yake kallon gwagwarmayar Sawaba, da wuya shugaba ya miƙa sojojinsa ga maƙwabcin da ke ɗaure wa masu neman kifar da shi gindi. Shi ya sa Nijar da wasu ƙasashe rainon Faransa suka ƙaurace wa taron OAU da aka yi a Akara a 1965.

Mai ja zai ce to ina sannu-sannun ta kai mu? Ƙa'idar OAU ta hana katsalandan ta zama lullubi ga azzalumai, har Idi Amin ya shugabanci ƙungiyar a 1975. Gaskiya ne. Sai dai ƙungiyar nan ce ta kafa Kwamitin 'Yantarwa a Darussalam, wanda ya tallafa wa mayaƙan Mozambik da Angola da Zimbabuwe, aka kuma rufe shi a 1994 bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata. Inda aka haɗu a kan abokin gaba guda, an yi aiki. Laifin magadan Monrobiya shi ne ko matakan da suka ce za a fara da su ba su taka ba. Sai a 2018 aka ƙulla yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka baki ɗaya a Kigali. Najeriya ta sa hannu a Yamai a Yulin 2019, a watan Agusta kuma ta rufe iyakokinta na tudu, 'yan kasuwar Maraɗi da Jibiya suka shafe fiye da shekara suna jiran a buɗe.