Yawan Matsi a Injin da Aka Sake Ɗaurawa: Asarar da Masu Motocin Shiga Yashi Za Su Iya Kaucewa

A arewacin Jihar Yobe, inda kwalta ke ƙarewa yashi ya karɓa, babu abin da ɗan kasuwa ke dogaro da shi kamar mota mai jan ƙafa huɗu. Tun da layin dogo ya isa Nguru a 1930 garin ya zama matattarar kaya, haka ma Gashuwa, hedkwatar Masarautar Bade. Daga waɗannan garuruwa ne tsofaffin Land Cruiser da Land Rover da Hilux ke shiga ƙauyukan Yusufari da Machina har bakin iyakar Nijar, su fito da kanwa da ƙaro da gero da dabbobi.

Akasarin motocin nan sun daɗe suna aiki, kuma an sauke injinansu an sake ɗaurawa ba sau ɗaya ba. A wajen wannan gyara ne ake samun wata matsala da masu motoci ba su cika lura da ita ba, wato yawan matsi a cikin silinda, abin da makanikai ke kira kwamfureshan. Da yawa suna ɗaukar matsi mai ƙarfi a matsayin shaidar aiki ya yi kyau. Amma idan ya zarce abin da aka ƙera injin a kai, shi ne ke kashe shi.

Yadda abin yake shi ne, fistin yana jawo iska da fetur idan ya sauka, sa'an nan ya matse su a ɗan gurbin da ke ƙarƙashin kan inji idan ya hau, kafin filogi ya kunna wuta. Ana auna matsin ne da kwatanta faɗin silinda lokacin da fistin yake ƙasa da abin da ya rage lokacin da yake sama. Injin 2F na Toyota, mai silinda 6, an fito da shi a 1975 da matsin 7.8 bisa 1. Kamfanin Land Rover kuwa ya yi injinsa na fetur mai lita 2.25 iri biyu, mai 8 bisa 1 da mai 7 bisa 1, na biyun domin ƙasashen da fetur ɗinsu ba shi da ƙarfin jure matsi.

Duk lokacin da inji ya yi zafi kansa ya kanɗare, akan kai shi wurin masu injin goge ƙarfe su share fuskarsa ta miƙe. Kowace shara tana rage gurbin da wuta ke ci. A injin 2F kowace silinda tana ɗaukar kimanin sisi 705, gurbin sama kuwa kimanin sisi 104 ne. Idan aka share milimita 2 tsakanin kan inji da bulo cikin gyare-gyare biyu ko uku, gurbin zai iya komawa kusan sisi 90, matsin ya tashi zuwa kimanin 8.8. Idan kuma aka faɗaɗa silinda da milimita 1 don sa manyan fistin, zai kai 9. Sa fistin mai tudu a wurin mai kwari, ko siririn gasket, ko taruwar baƙin toka a kan fistin, duk suna ƙara shi.

Illar ita ce fetur ya riƙa fashewa da kansa maimakon ya ci wuta sannu a hankali. Direba zai ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman idan ya taka mai a kan tudun yashi da kaya fal. Ruwan lagireto ya riƙa tafasa, sitata ta riƙa juya inji da ƙyar, wani lokaci a kashe makulli injin ya ci gaba da kakkarwa. Ƙarshenta gasket ya ƙone, ringi ya karye, ko fistin ya huje.

Yanayin yankin yana ƙara tsananta lamarin. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, tafiya cikin yashi kuma da ƙaramar giya ake yi, iska ba ta ratsa lagireto sosai. Ga shi a ƙauyuka fetur ɗin jarka ake samu, wanda idan aka gauraya shi da kananzir ƙarfin jure matsinsa ke faɗuwa.

Hanyoyin rage matsin sun bambanta a tsada da inganci. Mafi sauƙi ita ce kankare tokar da ta taru, idan ita ce sanadi. Ta biyu ita ce sa gasket mai kauri. A injin 2F ƙarin milimita 1 yana mayar da kusan sisi 7. Haɗa gasket biyu a ɗora ɗaya kan ɗaya, kamar yadda wasu ke yi, ba ya daɗewa, domin wuta na samun kafa a tsakaninsu. Ta uku ita ce canza fistin da irin na asali. Ta huɗu, wadda ta fi tsada amma ta fi kwanciyar hankali, ita ce sayen wani kan inji da ba a cinye shi da shara ba, irin wanda ake nema a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Mayar da taimin baya yana rage ƙarar, amma yana rage ƙarfin mota, ya ƙara mata shan mai da zafi. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 farashi ya ninka fiye da sau biyu, wannan dabara ta zama mai cin riba.

Injin gas dabam yake, domin matsi ne ke kunna masa wuta. Injin 1HZ da Toyota ta fito da shi a 1990 yana aiki da matsin da ya haura 22 bisa 1. A irinsa ana auna yadda fistin ya leƙo saman bulo ne, a zaɓi kaurin gasket da ya dace. Idan gasket ya yi siriri fistin na iya taɓa bawul. Idan ya yi kauri motar za ta ƙi tashi da safe lokacin hunturu, ta riƙa farin hayaƙi.

Abin da ya kamata mai mota ya yi shi ne ya nemi a yi awo kafin a rufe inji. Da sirinji da ɗan gilashi mai huda ana iya cika gurbin kan inji da mai a san sisi nawa yake ɗauka. Ya kuma rubuta yawan abin da aka share a kowane gyara, ya gaya wa makanike na gaba. Awon ba ya wuce sa'a guda. Motar da fistin ɗinta ya huje a bayan Yusufari kuwa sai an biya kuɗin jawo ta, an sake ɗaurin inji, ga kayan mutane a zube a daji, ga kasuwa ta wuce.